Kiryar Kan Iyaka

Ni na ce a sare kiryar. Gara in faɗi wannan tun da fari, don idan na bari labarin ya yi nisa zan fara neman wanda zan ɗora wa, halina ne. Yayana bai so ba, Innarmu ta hana, ni na kafe. A wancan lokacin kuwa idan na kafe babu mai tanƙwara ni a gidanmu sai mahaifinmu, shi kuma ya shekara biyu da rasuwa.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba a lokacin. Dutse da muka sani garin dabino da duwatsu, inda akuya ke kwanciya a tsakiyar titi ta yi tuƙarta a tsanake, sai ga shi an ce shi ne babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga Kano da katifu a saman mota, babu gidajen da za su shiga. Kafin ka ce me, duk gonar da ke bakin hanya ta zama abin kallo. Mutum zai tsayar da mota, ya fito yana gyara babbar riga, ya riƙa nuna gonarka da makulli kamar gadon ubansa.

Gonarmu tana bakin hanya, a ƙauyenmu da bai kai tafiyar rabin sa'a a keke daga Dutse ba. Asalinta ta kakanmu ce, aka raba ta biyu tsakanin mahaifinmu da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa. Babu takarda, babu siminti. Iyakar ita ce wata tsohuwar kirya a bakin hanya, daga gindinta ka miƙe sak zuwa wani falalen dutse a ƙarshen gona. Kowa a ƙauyen ya san haka. Yaya ne ke noma rabonmu, da shi yake ciyar da Inna da matarsa da 'ya'yansa biyar, kuma ba shi da wata sana'a bayan wannan. Ni malamin firamare ne, hannuna bai san kantar fartanya ba, amma baki kam Allah ya ba ni.

Wata rana ina dawowa daga makaranta na hango babban ɗan Baffa, sa'ana ne, yana taka ƙasa da wani mai babbar riga. Suna ƙirga taku, kuma na ga da idona sun wuce kirya sun shigo ɓangarenmu. Na jefar da keke na nufe su.

"Me ake aunawa a gonar ubana?"

Ɗan Baffa ya dube ni ya yi dariya. "Malam, koma ajinka. Nan ba wurin alli ba ne."

Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Na murɗe wuyan rigarsa har idanunsa suka firfito, shi kuma ya kai mini naushi a baki, leɓena ya fashe. Mai babbar riga ya tattare rigarsa ya faɗa mota. Ranar na kwana da ɗanɗanon jini a bakina, na kuma yanke shawara sai na kafa allo a gonar nan.

Mutane da yawa sun kafa nasu, na kwano ne da fenti. Amma na ga yadda ake yi da su. Wani a tuge shi a yi ƙofar akurki, wani a kankare fentin a rubuta sunan wani. Na ce nawa ba za a yi masa haka ba. Na katako nake so, mai nauyin da mutum huɗu ba za su ɗaga ba, kuma rubutun a sassaƙe shi cikin itacen, yadda sai dai a ƙone shi.

A bayan kasuwarmu akwai wani tsoho masassaƙi, mutumin Aujara ne da ya daɗe a cikinmu. Turmi yake yi da akushi da allon karatu. Na same shi zaune cikin ɓarɓashin itace, gizagonsa a hannu.

"Baba, allo nake so, amma ba na karatu ba." Na auna masa da hannu, tsawo kamu biyar, faɗi kamu biyu.

"Wane itace?"

"Wanda gara ba ta ci."

"Kirya ke nan. Amma mai wannan kaurin ta yi wuya a ƙasar nan, Malam."

Na ce ai muna da ita a gona. Ya ajiye gizagon a hankali.

"Ta kan iyakarku?"

"Ita."

"Subhanallahi. Mu masassaƙa ba ma ɗora gatari a kan itacen iyaka. Ubana bai yi ba, ni ma ban taɓa yi ba. Ko tsawa ce ta kayar da shi sai an kira dattawa sun tsaya a wurin kafin a taɓa."

Abin ya ba ni haushi. Na ce masa itace ba ya magana a gaban alƙali, rubutu ne ke magana, kuma zamanin nuna bishiya da sanda ya wuce. Wallahi haka na faɗa wa mutumin da ya girmi ubana, ina jin kaina wani mai ilimi. Ya dube ni ya ce, "Ni dai ba zan sare ba. Idan ka kawo mini shi a kwance, gungume ne, zan yi aikina."

A gida Inna ta ce, "Mahaifinku ko reshenta bai taɓa karya ba." Yaya ya ce in nemi wani itacen, ko da daga nesa ne. Na ce musu kututturen yana nan ba inda za shi, a gindinsa zan kafa allon, mun sami shaida biyu ke nan maimakon ɗaya. Yaya ba mai jayayya ba ne. Ya ce, "To, Malam," ya ɗauki buhunsa ya tafi ci-rani fadamar Haɗeja kamar yadda ya saba, bai ko yi mini sallama ba.

Na ɗauko wasu majiya ƙarfi biyu daga wani ƙauye, tunda a namu babu wanda ya yarda. Kwana uku suna sara. Kirya ba itacen wasa ba ce, gatari ya sauka ta dawo da shi, ƙota biyu suka karye. Da suka gaji ni ma na tuɓe riga na karɓa, ina sara ina ganin fuskar ɗan Baffa, har tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe. Rana ta uku da la'asar ta yi wata irin ƙara ta zube, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse. Baffa yana tsaye a gefen gonarsa da hannu a baya, tun safe yake kallo. Ya ce, "Sannunku da aiki," ya juya ya tafi. Ni a wautata na ɗauka ya ji tsoro ne.

Aka kai gungumen wurin tsoho a amalanken shanu. Ya tsaga shi, ya feƙe da gizago har ya yi sumul, jajawur kamar hanta. Shi bai san boko ba, don haka ni na zana haruffan da alli, kowane harafi tsawon tafin hannu. A sama sunan mahaifinmu. A ƙasa: GONAR MAGADA CE. BA TA SAYARWA BA CE. Na ce ya zurfafa kowane harafi yadda gaɓar yatsa za ta shige. Ya riƙa bin farin allin da wani ɗan ƙarfe mai kaifi yana bugawa da guduma, kamar mai bin sawu. Ya ce mako biyu. Sai da ya yi bakwai. Itacen yana cinye masa kaifi, bayan kwana biyu-biyu sai ya kai ƙarafansa maƙera. Kullum in na tashi daga makaranta sai in je in tsaya a kansa ina masifa. Wata rana na tarar harafi ɗaya tak ya ƙara, na yi ƙwallo da wani turmi da ya gama, ya gangara ya tsage. Tsohon nan bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Kai ka ce kada ya goge."

A cikin waɗannan makonni ne wani mai ƙona gawayi ya tare ni a kasuwa. Maƙera yake sayar wa, su kuwa ba su da gawayin da ya fi na kirya. Ya ce ya ga rassa zube a gonarmu. Ina sauri, na ce, "Kwashe duk abin da ka samu, ka share mini wurin tas." Na hau keke na wuce. Ban sake taka gonar ba, hankalina yana kan allo.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Kwana biyu bayan haka Yaya ya dawo, ko gida bai shiga ba ya wuce gona, sannan ya same ni a wurin tsoho. Fuskarsa kawai na gani na miƙe.

"Babu kututture," ya ce.

Mai gawayin ya bi maganata. Ya haƙe kututturen har saiwa, ya ƙone, ya cike ramin ya share wuri tas. Ruwa ya zo ya daidaita ƙasa. 'Ya'yan Baffa kuma suka sa garmar shanu suka yi huɗa, ta bi ta kan wurin ta shigo cikin namu. Na tafi na tsaya a bakin hanya ina dube-dube. Wurin da na sani tun ina rarrafe, ban gane shi ba. Babu inuwa, babu rami, sai jar ƙasa a jere.

Na sami mai gawayin a bakin raminsa. Ban ba shi damar magana ba. Na ɗauki ice na rufe shi da duka, yana kare kansa yana cewa, "Malam, ai kai ka ce! Kai ka ce!" Ina jin gaskiyarsa, kuma ita ce ke ƙara tunzura ni. Sai da matarsa ta fito tana kururuwa na jefar da icen. Har yau idan na tuna mutumin nan kunya takan rufe ni, don ya mutu ban nemi gafararsa ba.

Washegari da hantsi muka ɗora allon a amalanke, mu shida muka ɗaga shi. Tsoho ya ce bai shafa wa haruffan baƙi ba tukuna, na ce ya bar su haka. Yaya ya ce mu fara zuwa wurin mai unguwa a kira dattawa. Na ce idan allo ya tsaya, dattawa sa zo su same shi a tsaye. Ya biyo ni ne kawai don kada in tafi ni kaɗai.

'Ya'yan Baffa biyu suna gona, babban da ƙaninsa, suna shuka. Muka sauke allon a bakin hanya, fuskarsa sama. Na ɗauki dagi, na taka zuwa inda zuciyata ta ce nan ne, na caka.

"Ɗaga daga nan," in ji babban. "Kirya tana can." Ya nuna wani wuri cikin gonarmu, taku goma sha biyu daga inda nake. Taku goma sha biyu a bakin hanya, har zuwa dutse, ya kusa sulusin abin da Yaya ke nomawa, kuma nan ne ƙasar ta fi kyau.

"Ƙarya kake yi, ɓarawo ɗan ɓarawo."

"Ubana kake zagi?"

"Shi ɗin."

Ya ɗaga sungumin da yake shuka da shi ya sauke mini a kafaɗa. Na ji ƙashi ya amsa. Ban ja da baya ba, na zare dagin daga ƙasa na juya shi da hannu biyu na maka masa a gefen kai. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa kabewa. Ya durƙusa, ya kife, jini ya fara bin huɗa. Na ɗaga zan ƙara masa. Eh, zan ƙara, ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin so nake ya mutu. Yaya ya rungumo ni ta baya yana cewa, "Kai! Kai! Ɗan'uwanka ne!" Ya ja ni har muka yi tuntuɓe da allon muka faɗi a kansa.

A nan ƙanin ya iso. Ya ga yayansa kwance cikin jini, ya fizgi gatarin da ke rataye a amalankenmu. Kaina ya nufa, na ga bakin gatarin yana saukowa. Yaya ya tura ni gefe, ya dafa allon da hannun dama zai tashi, gatarin ya sauka a kan hannun. Da ƙasa ce a ƙarƙashi da wataƙila hannun ya nutse ya tsira. Kirya ce a ƙarƙashi, ba ta lotsa ko kaɗan ba.

Yaya bai yi ihu ba. Ya ɗaga hannun yana kallonsa kamar na wani. Yatsu uku suna kan allon. Jini ya malala ya cika ramukan haruffan ɗaya bayan ɗaya, sunan mahaifinmu ya fito raɗau. Shanu suka firgita suka ja amalanke cikin shuka. Wanda ya yi saran ya saki gatarin ya zauna a ƙasa yana salati. Mutane suka yi ta gudowa daga gonaki, wani ya yage rawaninsa ya ɗaure hannun. Baffa ya iso a ƙarshe, ya dubi ɗansa, ya dubi ɗan wansa, ya ɗora hannu biyu a ka.

Mota ɗaya ta kai Yaya da ɗan Baffa asibiti a Dutse, suna kwance kafaɗa da kafaɗa. Ni da mai gatarin kuma ɗaki ɗaya aka kulle mu a wurin 'yan sanda, aka yi mana dukan da ban taɓa sanin ana yi wa mutum ba, da kulki a gwiwa da tafin ƙafa. Ɗan Baffa ya rayu, amma kunnensa na hagu bai sake ji ba. Hannun Yaya ya warke a ƙanƙance, babban yatsa da manuni kawai suka rage, su ma ba sa riƙe komai. Dattawa suka shiga tsakani a kan maganar jini, aka ce rauni ya tafi da rauni, aka sake mu. Maganar gona ce ta tafi gaban alƙali.

Mun fi shekara uku muna zarya. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da aka kira shaidu. Na sa an kawo allon har harabar kotu, ina taƙama da shi, an jingine shi a bango kowa yana karantawa. Alƙali ya tambayi mai unguwa ina iyaka take. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kirya." Ya tambayi dattijo na biyu, ya ce kirya. Na uku ma haka.

"To ina kiryar?"

Can wani tsoho ya ɗaga sandarsa ya nuna ta taga. "Ga ta can a jingine."

Mutane suka fashe da dariya har sai da aka tsawatar. Alƙali ya ce rubutun ya nuna gonar ta magada ce, kuma babu wanda ya musa haka, amma bai nuna daga ina ta fara ba. Aka fita da dattawan zuwa gona, kowannensu ya tsaya a wuri daban. Mu ke ƙara, ba mu da shaida, sai aka ba Baffa rantsuwa. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse a kan taku goma sha biyun nan. Na shekara ina kiransa maƙaryaci a duk inda na zauna. Amma na koma wurin ni kaɗai ba sau ɗaya ba, na auna daga dutse, na auna daga hanya, kuma wallahi ni kaina ban san inda kiryar take ba.

Yaya ya yi ƙoƙarin noma abin da ya rage. Ya ɗaura fartanya a hannun da tsumma, ta riƙa suɓucewa. Ya koyi yi da hagu, yana yin rabin abin da ya saba. Rumbun da ke kai su har kaka ya koma ƙarewa tun bazara. Ina taimakawa da abin da nake samu, yana karɓa ba ya kallon fuskata.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, gari ya ɗauki zafi, ko'ina maganar haddi da ƙisasi ake yi. Tsohon ciwona ya tashi. Ko shari'ar za ta karɓi tsohon zance ko ba za ta karɓa ba, ban tsaya tambaya ba. Na sami Yaya a zaurensa bayan sallar Juma'a yana cin abinci da hagu.

"Yaya, lokaci ya yi. Mu koma kotu. Hannu da hannu, yatsa da yatsa. A sare na wancan yaron kamar yadda ya sare naka."

Ya gama tauna lomarsa. Ya ɗago guntun hannun ya ajiye shi a kan gwiwata, abin da bai taɓa yi ba.

"Idan za a sare hannun wanda ya yi mini wannan," ya ce, "kana ganin daga kan wa za a fara?"

Bai ɗaga murya ba, bai sake maganar ba har ya bar duniya. Na tashi na fita, takalmina ma a hannu na riƙe shi.

Bayan damina biyu ya sayar da sauran gonar ga wani mai babbar riga. Ya aiko mini in sa hannu a takarda a matsayina na magaji, na sa. Ya buɗe ɗan tebur a bakin kasuwa yana sayar da gishiri da ashana. Allon kuwa tun ranar kotu yana bayan gidansa a kife. Ranar da aka fara zuba bulo a gonar, sai ga amalanke a ƙofar gidana, mutum shida suka sauke shi. Mai amalanken ya ce Yaya ya ce a kawo mini, wai ga rabona na gonar.

Yana cikin zaurena har yanzu, na juya fuskarsa bango. Baƙi suna zama a kansa su yaba kyawun katakon. Tsohon ya yi aikinsa da gaskiya, gara ba ta taɓa shi ba, kuma ko harafi ɗaya bai goge ba.